Daga Unguwar Shanu zuwa Matsirga: Ramin da ke hawa sama

A ƙarshen layinmu a Unguwar Shanu akwai wani lambatu na kankare da aka gina shekarun baya, wanda ke kwashe ruwan gidaje da na titi ya gangara da shi. Waɗanda suka yi aikin, ko kuɗi ne ya ƙare musu ko haƙuri, sun tsaya tun kafin ginin ya kai ƙoramar da aka nufa, suka bar bakinsa a buɗe a kan jar ƙasa. Lokacin da na tare a unguwar, tsakanin leɓen kankaren da ƙasar da ruwa ke faɗawa bai wuce tsayin gwiwa ba, har yara kan dira su hau suna wasa. A daminar da ta wuce na tsaya a wurin bayan an ɗauke wani ruwan la'asar, na tarar da ramin da idan babban mutum ya shiga ba a hango hularsa. Zurfin kansa abin tsoro ne, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakin lambatun ba ya inda na san shi. Da can yana daura da wata darbejiya. Yanzu ya ja baya ya bar ta da taku bakwai ko takwas, gutsattsarin kankare kuma na kwance a cikin ramin kamar fasassun tukwane.

Dattijon da katangarsa ta fi kusa da wurin yana zaune a kan benci yana kallona. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan rami ai kamar tahowa yake yi."

Ya ce, "Malam, kai yau ka gani. Ruwa gangara yake yi, amma raminsa hawa yake. Bana ya wuce darbejiya, baɗi kuwa ni zai yi wa sallama." Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Baba bai taɓa zama ajin labarin ƙasa ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da masana ke koyarwa game da kowace magangarar ruwa a duniya, babba ko ƙarama: ruwa na tafiya gaba, wurin faɗawarsa na tafiya baya, abin da ya bari a tsakani kuma shi ne kwazazzabo. Na daɗe da sanin haka a takarda. Maganar tasa ce ta sa na ƙudura zuwa in ga abin da idona a inda ya yi girma, kuma ba sai na bar jiharmu ba, tunda ga Matsirga can kusa da Kafanchan.

Na tashi da sassafe a wani Satumba, domin hanyar Kachiya ta yi ƙaurin suna a shekarun nan, kuma duk wanda na shaida wa tafiyar sai ya ce in yi da rana in dawo da rana. Muka haye gadar Kogin Kaduna, wanda a lokacin ya cika ya tumbatsa, ruwansa ja wur da ƙasar da ya kwaso, muka bi ta Sabon Tasha da Kujama. Daga nan matafiyi zai fara ganin manyan duwatsu masu sanƙo sun ɓullo daga cikin daji, musamman a wajen Kajuru. Waɗannan su ne ƙashin ƙasarmu a fili. Irin dutsen da ke ƙarƙashin Kaduna gaba ɗaya ke nan, wanda ake fasawa a sayar wa magina, kuma shekarunsa sun haura miliyan 500. A mafi yawan wurare ya lulluɓa da ruɓaɓɓiyar ƙasa da marmara, shi ya sa ba mu tuna da shi sai mai haƙar rijiya ya ce ya cim ma fa. Muka wuce Kachiya, muka wuce Zonkwa, ƙasa na ƙara tudu, iska na ƙara sanyi, har duwatsun Kagoro suka bayyana a gabanmu kamar bango. A Madakiya na sauka.

Kunne ne ke fara isa Matsirga kafin ido. Tun kana cikin gonaki za ka ji wani rugugi maras yankewa, kamar hadari mai nisa da ya ƙi ƙarasowa. Sunan wurin ma kunnen Bahaushe na jin "tsirgowa" a cikinsa, kuma ya dace, domin kogin da ke tahowa daga ɓangaren duwatsun Kagoro yana tafe ne salin alin a kan shimfiɗar dutse, sai kawai ƙasa ta ƙare masa, ya tsirgo daga tsayin da ake ƙiyasta shi tsakanin mita 25 zuwa 30. Ba a dunƙule yake zubowa ba, ya kan rabu gida-gida a leɓen dutsen, kowane kaso fari fat, su haɗu a wani gurbi mai tafasa a ƙasa. Feshin da ke tashi ya jiƙe mini riga tun ban matsa kusa ba.

Yawancin masu zuwa kan tsaya nan su ɗauki hoto su juya. Ni kuwa ƙasan na zo gani. Wani saurayi ɗan garin ya yi mini jagora muka gangara ta gefe, yana ta ja mini kunne a kan santsi. Daga ƙasa ne mutum ke gane cewa bangon dutsen ba a miƙe yake ba. Samansa ya yi gaba kamar rumfa, gindinsa ya shige ciki, har akwai wuraren da suka rarake mutum zai iya fakewa. A cikin gurbin kuma, da gaba da shi, ga manyan ɓaraguzan duwatsu birjik, wasu sun kai girman ɗaki. Masu kaifin gefe sababbin faɗowa ne. Waɗanda suka yi sumul sun daɗe ruwa na juya su. Kowane ɗayansu a da can sama yake, yana cikin leɓen da ruwa ke bi.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ruwa mai cika akwatin da ke da mita ɗaya a kowane gefe nauyinsa tan guda ne. Idan ya faɗo daga tsayin mita 25, yana isa ƙasa da gudun da ya kai kimanin kilomita 80 a awa. A ce mota mai nauyin tan guda na dukan wuri ɗaya da irin wannan gudu, wata na bin wata, dare da rana, tun daga Mayu har Oktoba. Duk da haka ruwa tsurarsa ba ya yi wa dutse mai tauri illa da sauri. Makaminsa shi ne abin da ya ɗauko a hanya, wato yashi da tsakuwa da ƙananan duwatsu. Su yake juyawa a cikin gurbin kamar taɓarya a turmi, su zurfafa shi, su kuma koma suna goga gindin bangon. Feshi na shiga kowace tsaga, danshi na ruɓar da dutsen a hankali. Idan gindi ya rarake har ya kasa ɗaukar abin da ke kansa, sai leɓen ya tsage ya rufto. Ranar da hakan ta faru, magangarar ta matsa baya da taku ɗaya ko biyu, ɓaraguzan da suka faɗo kuma sun zama sababbin taɓare. Hausawa sun ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya, to a nan allurar ma daga jikin rijiyar ake ƙera ta.

Da na juya wa ruwan baya na dubi inda kogin ya nufa, sai na ga hanyar da magangarar ta biyo kafin ta iso inda take a yau: wani kwari mai tsayayyun gaɓoɓi, cike da itatuwa. Saurayin ya ce tun yana yaro haka ya san wurin, bai ga ya motsa ba. Gaskiyarsa. Rayuwar mutum ɗaya ta yi gajarta ga irin wannan awo.

Ba banza ba ne manyan magangarun ruwan wannan yanki suka jeru a wuri guda. Tudun Jos ya ɗaga sama da ƙasar da ke kewaye da shi, kuma kogunan da ke tasowa daga kansa dole su sauko ta gefensa. Assop na kan hanyar Jos wajen Hawan Kibo, Farin Ruwa na ƙaramar hukumar Wamba a Jihar Nasarawa, ga kuma Kurra, inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da lantarki tun zamanin da haƙar kuza ke tashe. Duk ciwo ɗaya suke yi wa tudun, suna gutsurarsa daga gefe suna shiga ciki.

Sai dai ba kowace magangara ce ke cin dutse ta hanya ɗaya ba. Wanda ya je Gurara a Jihar Neja, a gefen hanyar Suleja zuwa Minna, zai ga tsayin ya yi kusa da na Matsirga, wajen mita 30, amma ruwan a kan matakala yake sauka, yana bin tsagogin dutse. A can dutsen kusan iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, babu wani gindi mai laushi da za a rarake, don haka ruwa ke neman tsaga ya ɓamɓare dutsen gunduwa-gunduwa. Na taɓa zuwa da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, na ga ramuka zagayayyu a jikin fa, sumul kamar an yi su da injin, kowanne da 'yan duwatsu a kwance a cikinsa. Su ne suka haƙa shi, ruwa na juya su kowace damina. Idan irin waɗannan turame suka yi yawa suka haɗe, sai su zama hanya, hanya ta zama kwari. Ba sai an je Neja ba ma: duk wanda ya leƙa Kogin Kaduna a watan Maris, wajen Gamji, zai ga yadda ruwa ya lashe duwatsun tsakiyarsa.

Inda aka fi auna wannan tafiya da baya shi ne Nayagara, a kan iyakar Amurka da Kanada. A can dutse mai tauri ne a sama, mai laushi a ƙarƙashinsa, don haka rarakewar na sauri. Masanin duwatsu ɗan Birtaniya Charles Lyell ya ziyarci wurin a 1841, ya dubi tsawon kwazazzabon, ya ƙiyasta cewa an yi shekara 35,000 ana haƙarsa. Binciken da ya biyo baya ya rage adadin zuwa kimanin 12,000, kuma a cikin wannan lokaci magangarar ta ja baya da wajen kilomita 11, wato kusan mita ɗaya a kowace shekara. Yau tafiyar ta ragu ƙwarai, domin ƙasashen biyu na karkatar da kaso mai yawa na ruwan zuwa injinan lantarki, bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a 1950. A 1969 har tare ruwan ɓangaren Amurka aka yi na wasu watanni, injiniyoyi suka shiga suka duba tarin duwatsun da suka rufto. A nahiyarmu kuma ga Mosi-oa-Tunya a kan Kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda David Livingstone ya gani a 1855 ya laƙaba mata sunan Sarauniya Biktoriya. Faɗinta ya kai mita 1,700, tsayinta ya haura mita 100. A gabanta akwai jerin kwazazzabai masu karkace-karkace, kowannensu a wani zamani shi ne magangarar, kafin ruwa ya sami wata tsaga a baya ya koma can.

Kogin namu ma yana da nasa. Bayan ya baro Tudun Jos ya ratsa birnin Kaduna, ya shiga Jihar Neja, akwai inda ya yanka duwatsu ya yi matsattsen kwazazzabo a Shiroro. Wannan matsi ne ya ja hankalin injiniyoyi, domin inda kogi ya tsuke tsakanin duwatsu biyu ya fi sauƙin datsewa. A nan aka gina madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Ashe wutar da muke jira a Unguwar Shanu, ranar da aka ga dama aka kawo, akwai bashin aikin da ruwa ya yi na dubban shekaru a cikinta.

A mota, kan hanyar komawa, lambatun layinmu ne a raina, kuma na gane dalilin da ya sa abin da ke ɗaukar Matsirga ƙarnuka yake ɗaukarsa damina guda. An haɗa masa duk sharuɗɗan Nayagara, an kuma sauƙaƙa masa. Kankaren shi ne leɓe mai tauri. Abin da ke ƙarƙashinsa ba dutse ba ne ko mai laushi, jar ƙasa ce da ake haƙa da shebur. Ruwan kuwa ya fi na da yawa nesa ba kusa ba. Kaduna na samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, yana zubar da lita 5,000, wato duro 25, cikin awa ɗaya ko biyu. A da, lokacin da unguwar ke da filaye da gonaki da makiyaya, kamar yadda sunanta ke nunawa, ƙasa ce ke shanye mafi yawan wannan ruwa. Yanzu kowa ya rufe tsakar gidansa da siminti, ya fitar da bututu waje. Ni ma na yi, ban cire kaina ba. Ruwan gida ɗari na haɗuwa a lambatu ɗaya, kankare ya ƙara masa gudu, sannan a sake shi a kan ƙasa tsirara. Ya haƙa gurbi, gurbi ya ci ƙarƙashin kankare, kankare ya karye, bakin ya matso.

Abin da ke ba ni haushi shi ne iyayenmu sun san maganin wannan tun kafin a haifi injiniya na farko a ƙasar nan. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san ba a barin ƙarƙashin indararo haka nan. Ana ajiye faffaɗan dutse ko a jera tsakuwa a inda ruwan ke sauka, domin an san idan aka bar shi zai haƙa rami ya ci gindin bango. Magangara ce ƙarama, aka kuma yi mata shimfiɗa. Abin da mutanen Miniyapolis suka yi wa magangarar Saint Anthony a kan Kogin Misisifi ke nan, bayan wani ramin da aka haƙa a ƙarƙashinta ya rufta a 1869 har ta nemi rushewa gaba ɗaya ta tafi da masana'antun garin: suka yi mata shimfiɗa mai gangara, da farko ta katako, daga baya ta kankare, tafiyarta ta tsaya. Dutsen ƙarƙashin indararo ne aka faɗaɗa.

A wurinmu kuwa, abin da aka saba yi shi ne a mayar da ramin juji, wai ana cike shi. Shara ba ta da nauyin da za ta tsaya wa ruwa; ruwan farko zai kwashe ta ya toshe kwalbatin da ke gaba, ya koma gidajen mutane. Wasu kan zuba buhunan yashi a saman leɓen, alhali ciwon a gindi yake. Masu ɗibar yashi a ƙoramu su ma suna da nasu kason, domin duk inda aka zurfafa cikin rafi an ƙirƙiro wani sabon mataki, shi kuma zai kama hanyarsa ta hawa sama har ya iske gada ko gida. Gyaran gaskiya a ƙasan ake yinsa. A karya tsayin zuwa ƙananan matakai yadda ruwa zai sauka a gajiye, a shimfiɗa manyan duwatsu a inda yake dira, a ɗaure su cikin ragar waya don kada ya tafi da su, a dasa jema ko wata ciyawa mai dogon saiwa a gaɓoɓin, sannan a kai lambatun har inda ya kamata ya ƙare.

Gwamnati ta san matsalar. An yi shirin NEWMAP da tallafin Bankin Duniya domin yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya faro daga jihohin kudu maso gabas, inda kwazazzaban Nanka da Agulu a Jihar Anambra suka cinye gidaje da gonaki, daga baya kuma shirin ACReSAL ya biyo baya a jihohin Arewa. Amma irin waɗannan shirye-shirye manyan ramuka suke nema, waɗanda suka isa a kira 'yan jarida. Namu bai kai ba tukuna. A ganina nan ne kuskuren yake, domin lokacin da yake tsayin gwiwa tifa ɗaya ta duwatsu da ma'aikata biyu sun ishe shi, yau sai an yi tifa goma, nan da shekara biyar kuwa sai an nemo Bankin Duniya. Ya kamata duk mai ba da kwangilar magudanar ruwa, ƙaramar hukuma ce ko jiha ko ɗan majalisa, ya ƙi sa hannu a takardar biya sai ya taka da ƙafarsa zuwa inda ginin ya ƙare ya ga a kan me ruwan zai sauka. Ɗalibanmu na labarin ƙasa da na injiniya kuma, waɗanda ke zana Nayagara a takardar jarrabawa, da za a tura su da igiyar awo su bi unguwannin Kaduna su ƙirga irin waɗannan bakuna su auna tafiyarsu a damina ɗaya, da sun fito da aikin da zai amfani gari.

Bayan na dawo na nuna wa Baba hotunan Matsirga a waya. Ya daɗe yana kallon wanda na ɗauka daga ƙasa, inda dutsen ya yi rumfa, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "To ai ga shi nan a bayan gidana, sai dai nasu ya fi kyau."

Mun yi magana da mutanen layi bayan sallar Isha'i, aka yi karo-karo, abin da aka tara ya sayi tifa biyu ta duwatsu. Matasa suka jera su a gindin ramin cikin watan Fabrairu, aka ɗaure na gaba da ragar waya. Bai isa ba, kowa ya sani. Na kafa wani guntun ƙarfe daidai leɓen kankaren, na auna daga nan zuwa katangar Baba, na rubuta a bayan kalandar ɗakina: taku goma sha ɗaya. A daren Talatar da ta wuce aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da gari ya waye na je na duba, ƙarfen na nan inda na kafa shi, amma biyu daga cikin duwatsun sun gusa, kuma Agusta ba ta zo ba tukuna.